Kwalaben Malam a Gidan Yola

Ban taɓa ganin teku da idona ba, amma na yi shekaru ina kula da abin da aka kwaso daga cikinsa. Mijina, Allah ya jiƙansa, malamin kimiyyar halittu ne a wata makarantar sakandare a Jimeta. A kudu ya yi karatunsa mai zurfi, can bakin ruwa, kuma ko da ya dawo gida ya kama koyarwa bai saki abin da ya faro a can ba. Duk dogon hutu sai ya ɗaure jaka ya tafi, wani lokaci wajen Kalaba, wani lokaci ya ƙetara gaɓar Kamaru. Ya dawo ya yi baƙi, ya rame, da kwalabe a naɗe cikin tsofaffin rigunansa.

Abin da ke cikin kwalaben ba shi da kyan gani. Wata halitta ce da ke manne wa dutse ko turakun matsayar jiragen ruwa. Ba ta tafiya, ba ta da ido. Wata kamar babban yatsa, wata ta kai dunƙulen hannu. Baki biyu gare ta, ɗaya na shan ruwa ɗaya na fitarwa, kuma Malam ya ce in ka matsa ta da ranta sai ta feso maka ruwa a fuska. Ba ta da suna a Hausa ko a Fulatanci, shi ya sa a gidanmu muke ce mata salkar teku. Amma ba ita yake bi ba. In aka tsaga ta a hankali, wani lokaci sai a tarar da jatan lande a ciki, dangin kirefish ɗin nan da matan Ibo ke aunawa a kasuwa, sai dai wannan ɗan mitsitsi ne, da ƙyar ya wuce ƙwayar shinkafa. Sau da yawa biyu ne, mace da namiji. A ciki suke ci, a ciki suke zama.

Abin da ya dami Malam shi ne ba ko'ina ake samunsu ba. Sai ya tsaga salkunan wani wuri ya tarar kusan kowace da baƙinta, ya matsa gaba kaɗan, salka iri ɗaya, ruwa kamar iri ɗaya, amma duk wayam. Yana so ya san ina da ina suke, ina suka tsaya, kuma me ya tsayar da su: zurfi ne, ko gishirin ruwa, ko kusanci da bakin kogi. Wannan ne aikinsa. Saboda haka kowace kwalba akwai 'yar takarda a cikinta, tana iyo tare da salkar, ya rubuta wuri da rana da fensir, don fensir ne kaɗai sifirit, ruwan da ake jiƙa su a ciki kada su ruɓe, ba ya gogewa. Ya sha faɗa mini cewa salka in ta rabu da takardarta ta zama shara.

Ɗaki biyu muke haya a Jimeta, ga yara uku, babu inda za a sa kwalabe. Suna can Yola, a gidan gadonsu, cikin ɗakin da ke jikin zaure, wanda ya yi samartakarsa a ciki. Wansa ne ke riƙe da gidan. Hamma muke ce masa, ni da Malam duka, matarsa kuma Adda. Ma'aikacin gwamnati ne, yana da mota, yana da gonar shinkafa wajen Njuwa.

Zafin garinmu ba ya barin sifirit ya zauna. Duk yadda aka ɗaure murfi sai ya riƙa raguwa, in kuma ya sauka har kan salkar ya fito, ta bushe, ita da abin da ke cikinta sun lalace ke nan. Don haka kowace Asabar muke hawa keke napep mu tafi Yola da jarka. Shi yana sauko da kwalabe, ni ina zubawa da mazurari, don ya ce hannuna ya fi nasa tsayuwa. Ya koya mini haɗin, sifirit kaza ruwa kaza, har na iya ba tare da awo ba. Murafan ya ɗiga musu fenti: ja na gaɓar Najeriya, shuɗi na Kamaru. Na kantar sama kuwa farin fenti ne, su ne waɗanda bai tsaga ba tukuna.

Hamma yakan tsaya a bakin ƙofa ya toshe hanci.

"Malam, mutane na tara shanu, kai kana tara majina a kwalba. Yaushe za a yi mana miya da su?"

"Ranar da ka biya kuɗin mota zuwa Kalaba, Hamma."

"Ni? In je teku in yi me? Binuwai ma kallonsa nake daga kan gada."

Sai su yi dariya su biyu. A lokacin wasa ne.

Da Mubi ta faɗi hannun 'yan ta'adda, 'yan'uwansu na can suka zubo Yola, wasu a ƙafa. Gidan ya cika har tsakar gida ake kwana. Hamma ya kira Malam ya ce a kwashe kwalaben, a ba mutane ɗakin. Malam ya ce babu inda zai kai su, rana ɗaya a waje ta ishe su. Maimakon haka ya kwaso iyali guda ya kawo mana Jimeta, muka ba su ɗaki ɗaya, mu da yara muka matsu a ɗayan, shi kuma ya koma kwana a baranda har suka samu komawa. Hamma bai ƙara tayar da maganar ba. Amma daga nan in mun je ranar Asabar ba ya zuwa bakin ƙofa ya yi tsokana. Sai mu gaisa kawai.

Akwai wadda suke aikin tare, muna ce mata Dakta. Ibo ce, Kirista, a Jimeta aka haife ta, mahaifinta na da shagon kayan gyaran mota a bayan kasuwa. Tare suka yi karatu a kudu, ita ta zauna can tana koyarwa. Hausarta ta kasuwa ce, kowa "kai" ne a bakinta, mace ko namiji. Ita ke da na'urar da ke ƙara girman abu har a bambanta wannan jatan lande da wancan, shi ya sa Malam ya bar kwalaben tafiye-tafiyensa na ƙarshe bai tsaga ba. Sun shirya za ta zo da mota a kwashe komai a kai wurinta, inda akwai ɗaki mai sanyi, su tsaga tare su kammala rubutun. Hanya ba ta da kyau a shekarun nan, aka yi ta ɗagawa.

Ranar da abin ya faru, da yamma ya fita sayo wa yara lemo da kankana. Bam ya tashi a wajen masu kayan marmari. Hamma ne ya gane shi a asibiti. Ni ban gan shi ba. Iyakar abin da zan iya faɗa ke nan a kan wannan.

Na shiga takaba a ɗakinmu na Jimeta. Mahaifiyata, Dada, ta zo daga Girei ta zauna da ni. A kwanakin farko ban tuna da komai ba. Sai ranar Asabar ta zagayo, na farka da asuba na ji hannuna na neman jarka. Na ce wa Dada zan je Yola in dawo, ba zan daɗe ba.

"Ki je ina? Mai takaba ba ta fita sai da lalura."

"Lalura ce, Dada. Za su bushe."

"Su wa? Matattun tsutsotsin ruwa? Me kike so a ce, mijinta bai yi sati a ƙasa ba tana yawo a keke da jarka? Ki zauna. Yana da ɗan'uwa."

Ban ga laifinta ba. Ko malamin unguwa na tambaya, abin da zai ce ke nan.

Da Hamma ya zo gaishe mu, ya zauna a baranda, ni ina ciki bayan labule. Na faɗa masa komai: yadda sifirit ke raguwa, yadda ake zubawa har ya rufe kan salka da kamar yatsa biyu, cewa kada a ciro takarda daga kwalba, kada a buɗe masu farin fenti sai don ƙarin. Na ce Dakta ta yi waya, za ta zo ta kwashe su da zarar na fita takaba, don tana so in kasance a wurin. Abin da nake roƙo kawai su kai wannan lokacin.

Ya ce, "Maman yara, ki kwantar da hankalinki. Ƙanina ne. Na ɗauki wannan amanar."

Na yi kuka a bayan labulen, na yi masa godiya.

Daga nan muka samu tsari. Ƙanwata ta sayo sifirit a shagon da Malam ke saye, ni in haɗa a ɗaki, in cika jarka. Ranar Juma'a bayan masallaci Hamma ya biyo da mota ya duba yara, ya ɗauki jarkar, ya ajiye wadda ya juye. A watannin nan wannan haɗin ne kaɗai aikin da nake yi da zuciya ɗaya. Warin ya kama ɗakin, Dada tana mita, ni kuwa warin rigunan Malam nake ji.

Ina tambayar Hamma, yana ba ni amsa, kuma ba amsar sallama ba.

"Ta ƙasan nan ta kusurwa, mai tsagaggen murfi fa, Hamma?"

"Na lura da ita. Na samo roba a kasuwa na canja mata."

"Masu shuɗin fenti sun fi shan sifirit."

"Ai na gani. Kamar raƙuma. Su nake fara cikawa."

Wata Juma'a ya ce warin na sa shi jiri, sai ya fito ya sha iska yake komawa. Na ba shi haƙuri, na ce ya riƙa buɗe taga. Na ji nauyin wahalar da nake ba babban mutum, har na sa aka daka yajin daddawa mai kyau na aika wa gidansa. Duk abin da ya faɗa mini kuma ina ɗauka in faɗa wa Dakta a waya. Ta ce, "Sista, Allah ya yi wa mutumin nan albarka. Ka gaya masa zan kawo masa manja mai kyau." Ta aiko a auna mata tsawon kwalabe da faɗinsu, don kafinta ya yi akwatuna daidai da su. Na roƙi Hamma, Juma'a ta gaba ya kawo mini awon a bakinsa.

Ranar da na fita takaba aka yi 'yar sadaka, na yi wanka na sa sabon zane. Kashegari na fara zagayen godiya, kamar yadda ake yi, kuma gidan Yola na fara nufa. Dakta ta riga ta iso Jimeta, tana gidan mahaifinta, mun yi da ita za a yi lodi washegari.

Tun daga bakin titi na ga an sauya gaban gidan. An fasa bangon ɗakin zaure ta waje, an sa ƙofar ƙarfe da 'yar rumfa, amma a rufe take, ana sallar azahar. Na ce a raina ko Hamma ya yi don iska ta riƙa shiga. Na wuce ciki.

Hamma yana masallaci. Adda ta tarbe ni da murna, ta rungume ni, ta shimfiɗa tabarma, ta kawo fura da nono. Sannan ta ajiye sukari a gabana. Yana cikin kwalba mai faɗin baki, mai kaurin gilashi. A kan murfin akwai ɗigon farin fenti.

Na daɗe ina kallon kwalbar. Na ce, "Adda, wannan kwalbar fa?"

"Ai na marigayi ne. Wallahi kwalabe ne na gaske, ko tururuwa ba ta shiga. Amma mun sha wuya kafin warin ya fita, toka, lemon tsami, mu shanya, mu sake wankewa. Ban manta da ke ba fa, na ware miki manya, in za ki tafi ki ɗauka."

Ba ta san tana faɗa mini wani abu ba. A zatonta da sanina aka yi. Na ce ta nuna mini, ta kai ni kicin. Suna jere a kan taga: man shanu, kuka, kuɓewa busasshiya, gishiri, har da yajin da na aiko. Ta ce sauran an raba wa maƙwabta da dangi, kowa ya samu, sadaka ce ga marigayi.

"Yaushe?"

"Ai tun kafin sadakar bakwai. Baban yara ne da kansa ya yi ta juyewa, bai bar kowa ya taɓa ba."

"A ina ya juye?"

"Bola, nan bayan gida. Kin san ko kaji ƙin ci suka yi? Suka zo suka leƙa suka juya. Takardun ciki kuma ya tattara ya ƙona."

Ta kalli fuskata. Ta ce, "Innalillahi. Ba ki sani ba?"

Na fita na zagaya gaban gidan. An buɗe ƙofar ƙarfen. Babban ɗan Hamma ne a ciki, ya buɗe shagon tireda. Ya gaishe ni da ladabi, ya ce in shigo daga rana. Kantocin Malam ne, ba a ko motsa su ba. Taliya da sabulu a ƙasa, gwangwanayen madara a kantar sama.

A zaure na jira Hamma. Da ya shigo ya gan ni, ya ga Adda a tsaye daga ciki tana murza hannu, ya gane. Ya cire takalmi ya zauna. Na durƙusa na gaishe shi yadda ya kamata, ya amsa. Shi ya fara magana.

"Kin san abin da ake faɗa a unguwar nan bayan rasuwar? Cewa ake, malamin nan mai tara sinadarai a ɗaki, me ya kai shi wurin a daidai lokacin? Jauro, mai unguwa, da kansa ya kira ni gefe ya ce in akwai abin da zan kawar in kawar, ana bin gidaje. In da sojoji sun shigo sun ga ɗakin nan, jarkoki, kwalabe, wari, wa za su tsaya su saurara? Da ni za su tafi, da 'ya'yana, da ke a cikin takabarki. Sunansa fa? So kike yaranki su tashi ana nuna su da baki?"

Na san irin kwanakin da aka yi. Na san mutanen da aka tafi da su a kan abin da bai kai wannan ba. Na ce, "Na ji, Hamma. Da ka faɗa mini."

"In faɗa miki a wane hali? Ko abinci ba kya ci. Dada ta ce jarkar nan ce kawai ke tashe ki daga kwance."

"Murfin da ka ce ka canja fa?"

Ya kau da kai, na ci gaba.

"Awon da ka kawo wa Dakta?"

"Kwalaben ai suna nan. Su na auna."

"Sifirit ɗin?"

Ya kalli ƙofa. "Mai askin bakin titi nake ba, yana goge kayan aikinsa. Ban zubar ba."

Na tambaye shi inda ya kai abin da ke ciki. Na riga na sani, amma na tambaya. Ya gyara zama, ya sassauta murya.

"Gona na kai su, wajen Njuwa. Na haƙa rami mai zurfi na binne su da mutunci, ƙarƙashin itace. Aikin ƙanina ne, ba zan wulaƙanta shi ba."

Yana faɗa yana kallona, da muryar nan da ya ce mini ya ɗauki amana. Ban ce masa Adda ta riga ta faɗa mini ba, don kada ya huce a kanta. Na ce to. Na yi masa sallama na tashi. Adda ta biyo ni da manyan kwalaben a buhu, na ce ta bar su.

Da yamma na kira Dakta na faɗa mata. Ta ce tana zuwa da safe. Ta zo da motar da ta yi haya, don an riga an ɗaure kayan a baya. Akwatunan katako ne sababbi, kowanne an raba cikinsa gida-gida, an liƙa soso don kada kwalba ta bugi 'yar'uwarta. Jarkar manjan Hamma ma tana ciki.

Ta shigo ta zauna a ƙasa, ba ta ko cire jaka ba.

"Shagon babana yana nan da sito a baya. Waya ɗaya, Sista. Waya ɗaya zai yi mini, in sa a kwashe a kai can kafin la'asar. Ina da takardun izini, da sunan Malam a kai. Ko ya ji tsoro, me ya sa bai kira ba?"

Na ce ban sani ba.

"Tashi mu je, ni zan tambaye shi."

Na ce ta bari. Baffan yarana ne, a hannunsa za a nemi aurensu, kuma ko me ya faɗa mata ba za ta san ko gaskiya ne ba. Ta ce "Chai," ta sa fuska a tafin hannu.

Can ta ɗago ta ce in faɗa mata duk abin da na tuna. Na yi ƙoƙari. Na tuna akwai wata tsohuwar matsayar jirage a gaɓar Kamaru da Malam ya fi so, kusan duk salkar da ya tsaga daga can da biyu a ciki. Na tuna na kusa da bakin kogi yawanci babu kowa, ya ce yana zaton ruwan daɗi ne ke korarsu. Na tuna wata guda daga wajen Kalaba da ya samu jatan lande mai ɗigo-ɗigo a baya, ya yi kwanaki yana murna, ya ce bai taɓa ganin irinsa a littafi ba. Tana rubutawa, tana tambaya: wace shekara, wane gefen matsayar, zurfin nawa. Nan na tsaya. Ni zubawa nake yi, takardun ba karanta su nake ba, Turanci ne da lambobi.

Ta rufe biro.

"Ka yi ƙoƙari, Sista. Wasu daga cikin na da, ya aiko mini bayaninsu, ina da shi. Amma in na ce an samu abu kaza a wuri kaza, za a ce ina yake, a kawo a gani. Ba ni da abin nunawa. Mai ɗigon nan ko hotonsa mai kyau ba mu ɗauka ba, muna jira a kawo shi wurina."

"Na kantar sama fa?"

"Su ko shi bai san abin da ke ciki ba."

Direban ya leƙo ya yi sallama, ya ce ko a sauke akwatunan ne, rana na yi. Dakta ta ce ya bar su a ɗaure. Ta sauke manjan kawai ta ba ni. Haka motar ta koma kudu da su.

Daga baya na yi ta tambaya a hankali ko da gaske an yi waccan maganar a unguwar. Wata ta ce ta ji ƙishin-ƙishin. Wata ta ce ba ta taɓa ji ba, kowa ya san Malam. Wani dattijo ya ce an bi gidaje, amma ba a layinsu ba. Jauron ya rasu kafin in samu ƙarfin zuwa wurinsa. Shagon kuma an fara fasa bangonsa tun kafin arba'in. Har yau ban san wanne ne ya fi nauyi a zuciyar Hamma ba, tsoro, ko ɗakin, ko tsohon fushin lokacin mutanen Mubi. Mai yiwuwa shi ma bai sani ba. Da ya zo bayan labulen nan ya ce mini ya ji tsoro ya zubar, da na yi kuka na haƙura, don ni ma a tsorace nake a shekarun nan. Abin da na kasa haɗiyewa Juma'o'in ne, yadda yake ajiye jarka wayam ya ɗauki cikakkiya, ya tsaya ya ba ni labarin masu shuɗin fenti.

Yanzu ya tsufa, ya yi ritaya. Duk kaka yana aiko wa yara buhun shinkafa, kuma shi ya tsaya a kan auren babbar 'yata, bai gaza da komai ba. Ina zuwa gaishe shi da Salla, in durƙusa, ya sa mini albarka. Bai taɓa tayar da maganar ba, ni ma haka. Sai dai in ya faɗa mini wani abu, ko da cewa ne wane ba shi da lafiya, ina komawa gida in tambayi wani.

Bara Dakta ta kira ni. Ta samu zuwa gaɓar Kamaru, ta nemi tsohuwar matsayar nan da na kwatanta mata, don ta sake ɗiba ko da kaɗan ne. Ta tarar an tumɓuke turakun, an cike wurin da kankare, manyan motoci ke tsayawa a kai. Ta bi gefe da gefe da masunta, ba ta samu salka ko ɗaya ba. Ta ce wataƙila a samu a wani wuri, wani ya yi aikin wata rana, amma abin da ke wancan wurin a shekarun da Malam ya je, babu wanda zai ƙara sani.

Na ce to. Sannan ta tambaye ni yara.